Inda Habila Yake Kallo

Maganar ta riga Zinariya isowa gida.

Wai Habila mai kaɗa fiyano a majami'arsu ta Gummi, wanda danginsa suka kawo kayan tambayarta tun kafin Ista, ya sami wata a Bukkuyum. Wai sunanta Atine. Wai duk ranar da mawaƙan garuruwan biyu suka haɗu gwajin waƙa, da Zinariya ta ɗaga murya sai ya kau da fuska daga gare ta, ya kafe Atine da ido har a sauke waƙar.

Gwaggo Asabe, shugabar Zumuntar Mata, ita ta kawo wa Inna, mahaifiyar Zinariya, labarin, ta ce da idonta ta gani. Gwaggo Asabe kuwa ko lambar waƙa a allo sai an karanta mata. Atine ma ba ta ƙaryata ba. In an tambaye ta sai ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce ita dai ba ta kira kowa ba.

Inna ta ce da ma hankalinta bai kwanta da mutumin da ya yi shekaru cikin 'yan haƙar zinari ba. Ranar Litinin za a mayar da kaya.

"Inna, ki bari in dawo daga taron Anka tukuna."

"Mi za ki gano can wanda ba a gane miki ba?"

"Kowa ya gani da nashi ido, Inna... Saura in gani da nawa."

Taron na kwana uku ne, na horar da mawaƙa da masu jagorancin sujada. Da hantsi motocinsu suka kama hanya a jere, don babu mai son yamma ta riske shi a daji. Malamin da aka gayyato daga Jos ya koya musu jan numfashi daga ciki, da zaɓen waƙar da ta dace da wa'azi, ya kuma roƙi masu jagoranci su daina yin wa'azi na biyu tsakanin baiti da baiti.

Da aka tashi gwaji, kowane gari ya tsaya da nasa kamar kullum: Gummi da Anka a dama da fiyano, Bukkuyum a hagu. Zinariya ta tsaya a gaba, tana fuskantar Habila. Ta ɗaga waƙa.

Ya juya hagu.

Atine ta sunkuyar da kai tana murmushi. Muryar Zinariya ta yi rawa, amma hannun Habila ya bi ta, ya tallafe ta har ta daidaita. Abin da ya tsaya mata a rai ke nan. Mutumin da hankalinsa yake wani wuri ba ya bin murya haka.

Washegari ta ɗaga hannu, ta tambayi malamin dalilin da ya sa ake tsayawa gari-gari maimakon murya-murya. Dattawa suka yi gunaguni, suka ce haka suka tarar ana yi. Malamin ya ce tun jiya yake son faɗa, kunya ta hana shi. Nan take aka sake jeri. Masu siririyar murya suka koma dama, Atine a cikinsu. Hagu kuwa tsofaffi masu kaurin murya suka cika ta, a gabansu Baba Sa'idu na Anka, mai haƙora uku da tsohuwar kwat.

Zinariya ta ja numfashi daga ciki, yadda aka koya musu. Ta ɗaga waƙa.

Habila ya juya hagu.

Baiti huɗu ya yi yana kallon Baba Sa'idu da irin kallon da aka ce na soyayya ne. Tsohon ya duba maɓallan kwat ɗinsa, ya shafa gemu, daga ƙarshe ya ɗaga masa hannu. Da ƙyar Zinariya ta kai ƙarshen waƙar ba ta fashe da dariya ba.

Lokacin abincin rana ta same shi a gindin darbejiya da kwanon shinkafa. Ta zauna a hagunsa, ta yi ƙasa da murya.

"Inna za ta mayar da kayanku ran Litinin."

Ya ci gaba da cin abincinsa, har yana miƙo mata nama.

Ta tashi, ta zagaya damansa, ta sake faɗa da murya iri ɗaya. Cokali ya faɗi daga hannunsa.

"Tun yaushe, Habila?"

Ya kalli ƙasa.

"Shekara uku..."

Ya ce tsoro ya ji. Tsoron a karɓe fiyano daga hannunsa, da tsoron a ce mata me za ta yi da rabin mutum. Ta ce shi da ya fi kowa kama muryarta, wa zai karɓe? Ta kuma gaya masa abin da ake faɗa a Gummi. Ya ɗago da mamaki.

"Wace ce Atine?"

Wannan karon ba ta riƙe dariyar ba.

"Zinariyata, ke kaɗai nika saurare."

"Na sani, masoyina. Sai dai daga yau ta dama zan riƙa yi maka faɗa."

Da suka koma Gummi shi da kansa ya durƙusa gaban Inna ya faɗa mata komai. Inna ta ce wanda zai zauna da ɗiyarta da surutunta, wataƙila Allah ne ya yi masa sauƙi. Kayan ba su bar ɗakin ba. Bayan girbi aka ɗaura auren, Gwaggo Asabe ce ma ta buga tulu a kiɗan bikin, tana gaya wa kowa cewa ita tun farko ba ta yarda da zancen ba.

Kunnen Habila na hagu ya mutu ne a wurin injin niƙan dutse, lokacin da yake aikin zinari a ƙasar Anka. In Zinariya ta ɗaga waƙa, kunnen dama yake juyo mata.