Ranar da Oronzo Ya Koma Bakin Kogi

A gindin tsohuwar hasumiya Cataldo ya fara ganin 'yata Nunzia. Yana ɗinkin raga, ita kuma ta tsoma ƙafa inda ruwan kogi mai sanyi ke shiga teku.

"'Yan mata, ƙafar nan ta aro ce? Za ta daskare fa."

"Ji da ragarka, duk ramuka ce."

Daga nan suka shaƙu. Sai dai shi masunci ne, mu kuwa a bakin kogin nan ruwa ya ci ɗanmu Vito. Tun ranar mijina Oronzo bai sake taka wurin ba, ya kuma rantse ba zai ba mutumin teku 'yarsa ba.

Sai surukata ta rasu. A wurinmu ba a hura wuta a gidan makoki, maƙwabta ke kawo abinci. Cataldo ya shigo da tukunyar miyar kifi, shi dai niyyarsa alheri. Oronzo ya buɗe, ya rufe.

"Tekun da ya ci ɗana, shi ka kawo mini in ci? Fita."

Nunzia ta yini kuka. Ta nuna mini saƙon Cataldo: "Tauraruwata, na ɓata komai. Zan sayar da jirgina, in bar teku."

Ta mayar masa: "Kar ka soma, masuncina. In ka bar teku saboda Baba, wata rana ni za ka tsana."

Da sanyi ya shigo, ciwo ya kwantar da Oronzo. Wata safiya ya ce mini, "Cosima, ina so in ga bakin kogin nan."

Mota ba ta shiga yashin nan, ni kuma ba na iya ɗaukarsa. Nunzia ta kira Cataldo ba ta tambayi kowa ba. Shi ya goya Oronzo har bakin ruwa.

Oronzo ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa.

"Kai, mai ƙarnin kifi."

"Na'am, Baba."

"Riƙe jirginka. Amma ka riƙa dawo mata gida."

An ɗaura auren a ƙaramin cocinmu, Oronzo na kan kujera, ya ɗora musu hannu a ka. Bai ga kakar zaitun ba.

Allah ya jiƙansa. Su kuma Allah ya bar su tare, ya kau da idon teku daga gidansu.