Ruwan Zafin da Khairiyya Ta Zubar

Kwana uku da dawowar Khairiyya unguwarsu ta New Bell daga karatu a ƙasar Sin, gab da magariba, tana yi wa mahaifiyarta Iyatu bayanin aikinta na labo, ɗakin binciken kimiyya. Ƙwayoyin halittar tayin ɓera suke ɗauka, waɗanda tuni sun kama hanyar zama fata ko tsoka, su jiƙa su cikin haɗin magunguna har su koma kusa da farkonsu, inda za su iya zama komai.

"Suna tuna abin da suke a da?" in ji Iyatu.

"Ba sa tuna komai, Maman."

Khairiyya ta tashi ta sauke tukunyar makabo, wato gwaza, ta tsiyaye tafasasshen ruwan cikin kwata, ba bismilla. Shekara shida a waje, baiwar Allah ta manta. Sai aka ji ƙara siririya daga kwatar, gidan ya yi tsit.

Tun daga ranar, kullum magariba sai duwatsu su yi ta sauka kan kwanon ɗaki. Khairiyya ta daina cin abinci, ta daina magana. Ganin 'yarta tilo tana ƙarewa, Iyatu ta ɗauko Malam Idirisu daga unguwar Kassalafam.

Ya daɗe yana karatu kafin wata murya ta fito daga bakin Khairiyya, muryar aljana da ta dusashe da kuka.

"Ɗana na wasa a bakin kwata ta ƙona shi. Na ji tana cewa tana mayar da halitta farkonta. Ta mayar mini da shi, in fita."

"Aikinta a kan ƙwayoyin ɓera ne, ba ta tayar da matacce," in ji Malam. "Rai na Allah ne. Ki fita."

Aljanar ta juyo da idanun Khairiyya kan Iyatu. "Ke uwa ce. Da za a mayar da shi, zai san ni?"

Iyatu ta so ta yi ƙarya, wallahi ta so, amma tausayi ya hana ta. "Ta ce ba sa tuna komai."

Aljanar ta yi kuka mai tsawo, har Malam ya sunkuyar da kai.

"To ba nawa ba ne ke nan. Na fita. Amma ke ma ki ji yadda yake."

Khairiyya ta yi atishawa, ta buɗe ido garau, ta ce tana jin yunwa. Iyatu ta rungume ta tana hamdala. Khairiyya ta zame jikinta a hankali, cikin ladabi, ta ce, "Pardon, Hajiya. Ina mamata?"