Ranar da Mancoba Ya Yi Min Tafinta

Hannun Baturiyar sanyi ƙalau, ga shi ta ƙi sakin nawa.

Yanzun nan muka fito daga filin rawa na Ludzidzini, ƙafafuna duk ƙura, kacau-kacau ɗin idon sawuna bai daina ƙara ba. Ta kafe ni da ido hawaye na taruwa mata, sai ka ce gawa ta gani. A bayanta wani ƙaton mutum ne riƙe da kyamara, kuma tun da ya ɗaga ta bai taɓa saita ta a fuskata ba, jikina kawai yake ɗauka.

A tsakaninsu Mancoba yake tsaye yana murmushi. Mancoba nawa, wanda saura sati uku danginsa su koro shanun aurena. Aikinsa kai baƙi yawon buɗe ido.

Matar ta tambaya da Turanci a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, wai wa ya tilasta min zuwa, kuma ina jin tsoro?

Shekarata ta uku ke nan a makarantar koyon jinya a Manzini, na ji ta sarai. Amma Mancoba ya riga ni, ya ce mata ba na jin Turanci, ni 'yar ƙauye ce. Na ɗauka wasa yake, sai na biye masa na amsa da harshenmu, siSwati. Na ce babu wanda ya kawo ni. Na ce wannan bikin rawar kara na 'yan mata shi ne Umhlanga ɗina na tara kuma na ƙarshe kafin aure, da ƙafata na je fadama na yanko kara mafi tsawo domin gyaran dangar uwar sarki, muna tafe muna waƙa har muryata ta dushe, kuma ban taɓa jin ni mutum ce kamar a wannan sati ba.

Mancoba ya gyara murya, ya sassauta fuska.

"Ta ce in ba ta zo ba za a hukunta iyayenta," in ji shi. "Ta ce kullum kuka take yi."

Na juya na dube shi.

"Mancoba... me ka ce?"

"Yi shiru, zuciyata," ya faɗa da harshenmu, murmushin na nan. "Abin da suka zo ji ke nan. In ka ce musu kina jin daɗi ba za su sa a fim ba. Ɗan sunkuyar da kai kaɗan."

Na dubi haƙoransa, farare tas, waɗanda na sha yabawa a gaban ƙawayena. Ƙyama ta kama ni.

Na zare hannuna, na juya ga matar na yi mata Turanci. Na maimaita duk abin da na faɗa, na ce wa mai kyamarar fuskata tana sama in yana nemanta. Ya sauke ta da sauri. Ita kuwa ta ja da baya, hawayen suka ƙafe, har da ɗan ɓata rai kamar na karɓe mata wani abu nata. Ta ce ta fahimta, wani lokaci wanda ake zalunta ba ya sanin ana zaluntarsa.

Na koma cikin 'yan'uwana 'yan mata.

Kwana biyu bayan nan ya zo gida. Kakata, Gogo, tana zaune tana tankaɗe garin masara, ko kallonsa ba ta yi ba; ita dama tun farko ba ta son sa. Ya kira ni bakin garken shanu ya yi ta rantsuwa. Wai don mu yake yi, don ɗakin da yake gina mana a Ezulwini. Wai kowane ɗan rakiya haka yake yi, wai mutanen sun tafi, kuma a ƙasarsu babu wanda ya san ni.

"Tengetile, masoyiyata, ke fa ba ki rasa komai ba."

"'Yan mata nawa ka yi wa wannan tafintar?"

Ya sosa ƙeya, ya ce ba ya lissafi.

Na yi kuka bayan tafiyarsa, ba zan ɓoye ba. Shekara huɗu ina son mutumin nan. Amma duk lokacin da na tuna hannunsa a kafaɗata sai in ji ina son yin wanka. Ya turo saƙonni, na ƙi buɗewa. Shi kuwa ya ɗauka fushin mata ne, zai wuce.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, kawunnansa suka iso da hantsi, suka tsaya a bakin ƙofa suna kirarin gidanmu, shanu na kuka a bayansu. Aka shigo da su, aka zaunar. Sannan aka kira ni kamar yadda aka saba, domin a ji amincewata daga bakina. Na durƙusa a kan tabarma, kaina a ƙasa.

Mahaifina ya nuna su da sandarsa.

"'Yata, kin san waɗannan mutanen?"

Babban kawunsa har ya fara murmushi.

"A'a, Baba," na ce. "Ban san su ba."

Mahaifina ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya ga baƙin, cikin ladabi ya ce da alama sun yi ɓatan hanya, amma su ci abinci kafin su kora dabbobinsu, rana ta yi zafi.