Tsoho Mai Kakari

Dakta Byaruhanga da kansa ya kira 'yan sanda. Wata ɗaliba ce, in ji shi, ta ɗauki kujera ta farfasa kwamfuta a kwalejin likitocin haƙori da yake koyarwa a Kampala, kuma yana so a kama ta.

Sufeto Okurut ya iso a bodaboda, wato acaɓa, ransa a ɓace, don ya bar katogonsa, abincinsa na karin kumallo, yana hucewa saboda fasasshen gilashi. Ya tarar da yarinyar, Nakabugo, zaune a ƙasa, hannunta na jini.

Daktan ya yi bayani da yanga. Manhajar da ke cikin kwamfutocin tasa ce, shi ya tsara ta. Tana nuna wa ɗalibi hoton bakin majiyyaci da tarihinsa, ɗalibi ya rubuta magani. Idan ya kuskure, sai majiyyacin ya mutu a allo. Duk majiyyatan na ƙirƙira ne, a cewarsa, muryoyin kuma na 'yan wasan kwaikwayo.

"Afande, ƙarya yake," in ji Nakabugo, tana kiran Sufeto da laƙabin da ake girmama 'yan sanda da shi. "Bakin babana ne."

Okurut ya sa aka buɗe darasin a wata kwamfutar. Haƙorin gaba a guntule, na kusa da shi na azurfa. Nakabugo ta ce da haƙorin yake buɗe kwalbar lemo har ya karye. Bara ya fita cire haƙori, aka dawo musu da gawa, aka ce zuciya ce ta buga masa a hanya.

Wani ɗalibi ya danna wani magani don ya nuna wa Sufeto yadda abin yake. Sai wani kakari ya cika ɗakin, na mutumin da numfashi ke ƙwace masa. Biyu daga cikin ɗaliban suka ƙunshe dariya. Ashe har suna suka sa masa, Tsoho Mai Kakari, kuma da gangan suke kashe shi idan darasi ya gundure su. Okurut bai yi dariya ba. Ya taɓa jin irin wannan sautin a bakin titi, kuma ya san ba ɗan wasan da ya iya shi.

A unguwar Wandegeya ya sami Apio, matar da ta haɗa manhajar. Da farko ta rantse a intanet ta sayi sautin.

"A wane shafi, Nnyabo?" ya tambaya, yana kiranta da kalmar girmama mace.

Ta ce ta manta.

"To tashi mu je caji ofis ki tuna."

Nan take ta tuna. Daktan ne ya ba ta bidiyo daga kyamarar da yake ɗaukar majiyyata da ita a asibitinsa na kansa, ya ce ta yanke hoton baki da sautin kawai. Ba ta goge sauran ba.

Okurut ya kalla a tsaye. Mzee Kabugo, tsohon nan baban Nakabugo, na kan kujerar cire haƙori, yana ce wa likitan, "Musawo, jikina fa ba ya karɓar fenisilin." Daktan yana waya, ya ɗaga masa kai kamar ya ji, ya miƙa masa ƙwaya da ruwa. Abin da ya biyo baya Okurut bai iya kallonsa har ƙarshe ba.

Matar marigayin, a garin Nansana, ta ƙara masa wani abu. Daktan ya zo jana'iza, ya durƙusa ya yi mata ta'aziyya, ya ci matoke, dafaffiyar ayaba, har da ƙari. Ita kuwa tana ta gode masa da ya tsinci mijinta a hanya. Wannan ƙarin matoken ya fi komai ba Okurut ƙyama.

Ya koma kwaleji ya ajiye wayarsa gaban Daktan, bidiyon na tafiya. Mutumin ya yi gumi, ya ce haɗi ne, sannan ya ce laifin nas ne, sannan ya gaji.

"Kuskure ne, ban ji shi ba," ya ce. "Amma Afande, ka duba amfanin. Ba ɗalibin da ya ji wannan sautin ya sake manta tambayar majiyyaci. Shi ne darasina mafi kyau."

"Kai da ka ji shi da kunnenka, me ka koya?"

Okurut ya ciro ankwa. Ko da ta shiga hannun Daktan, roƙonsa ɗaya ne, kada a goge darasin.

Nakabugo na tsaye a baranda lokacin da aka wuce da shi. Ba ta ko kalle shi ba. Okurut ya tsaya ya faɗa mata gaskiya, babanta ne, kuma ya yi wa likitan gargaɗi da bakinsa.

Ta kalli bandejin hannunta.

"Afande, ka san yadda na ji muryar?" ta ce a hankali. "Ba ta fitowa sai an ba shi maganin da bai dace ba. Ina sauri in gama, ban karanta tarihinsa ba. Ni ma fenisilin na rubuta masa."