Rigar Marigayi a Jikin Baƙo

Ruwan sama ya sauko ba sallama, daidai lokacin da Mai Wanki ta gama shanya kayan mutane. Ta ruga tana kwashewa, hannayenta da sabulu ya cinye suna mata zogi, 'yarta ƙarama na biye da ita da kwando a ka, amma kafin su kai ƙarshen igiyar komai ya jiƙe sharkaf... Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban wahalar yini guda da ta tashi a banza, hawaye suka gauraya da ruwan da ke bin fuskarta. Tun da mijinta ya rasu, wannan ɗaki ɗaya mai kallon titi shi ne shagonta, shi ne makwancinta: teburin guga a gaba, labule a tsakiya, katifa a baya. Ɗakin na surukinta ne, Baba, tsohon da ganinsa ya yi rauni. Sana'ar kuwa ta marigayi ce. Ta gaji dutsen gugarsa, ta gaji masu kawo masa wanki, ta kuma gaji yayarsa, wadda yarinyar ke kira Gwaggo.

Gwaggo abu biyu take so a duniya: ɗakin, don ta buɗe shagon kayan kwalliya, da yarinyar, don ta samu mai yi mata wanke-wanke. "Ki ba ni 'Yar Baba in riƙe, ke ki koma gidanku," haka take faɗa kullum, alhali ta san sarai Mai Wanki marainiya ce, ba ta da wani gidan da za ta kira nasu. Ita dai takan sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ita kaɗai gare ni."

Tana cikin matse kayan ne ta ji titi ya ruɗe. Wani mutum da ke tafe da jaka a kafaɗa ya yanke jiki ya faɗi a bakin kwata, jikinsa na karkarwa, kumfa na fita daga bakinsa. Mutanen da suka fake a rumfar mai faci suka ja da baya kamar sun ga wuta. Gwaggo na cikinsu, ruwa ya tare ta a hanyar kasuwa, ita ce ma ta ɗaga murya.

"Farfaɗiya ce. Kada wanda ya taɓa shi, yawunsa kaɗai ya isa ya shafa wa mutum."

Mai Wanki ba ta san lokacin da ta yar da kwandon ba. Da wannan ciwo mahaifiyarta ta rayu, ita ta riƙa goge mata baki tun tana ƙarama, ba abin da ya taɓa samunta. Ta durƙusa a cikin taɓo, ta juya mutumin ya kwanta a gefensa, ta cire mayafinta ta naɗe ta tura ƙarƙashin kansa don kada ya fashe a kan siminti.

"Don Allah wani ya kama mini ƙafarsa, ruwan kwata zai shiga hancinsa."

Ba wanda ya motsa. Mai faci ya duƙa yana ta duba wata taya da ba abin da ya same ta.

Ita kaɗai ta ja mara lafiyar, tana nishi, har ƙarƙashin inuwar ƙofarta. Da ya farfaɗo ya ga halin da yake ciki, tufafinsa sun ɓaci da taɓo da abin da ya fi taɓo, sai ya rufe fuska da hannu ya fashe da kuka, babban mutum da shi. Baƙo ne, daga wani gari ya zo asibiti karɓar magani, yana hanyar tasha abin ya kama shi.

"Baiwar Allah, yaya zan shiga mota a haka?"

Ta waiwaya ta dubi ɗakin. Ga rigunan maza nan birjik, amma duk amanar mutane ce, mai wanki ba ya taɓa kayan da aka ba shi ko da maɓalli ne. Rigar namiji ɗaya tak ta mallaka... shuɗiyar rigar marigayi, wadda ya taɓa ƙona kafaɗarta yana hira, aka yi mata faci mai siffar dutsen guga, duk layin aka riƙa yi masa tsiya da ita. Har yanzu da ƙanshinsa a jikinta. Ta ɗauko ta daga ƙasan akwati, ta haɗa masa da wando da bokitin ruwa, ta kama hannun 'yarta suka fito suka tsaya a cikin ruwan sama har ya gama.

"Wallahi zan dawo miki da ita," in ji shi.

"Ka dai riƙa shan maganinka, Malam. Allah Ya kai ka gida lafiya."

Fitowarsa ta yi daidai da ɗaukewar ruwa, lokacin da waɗanda ba su ga farkon abin ba suka fara leƙowa. Wata tsohuwar maƙwabciya ta hango facin nan daga baya, ta saki tsintsiya ta dafe ƙirji tana salati, ta ɗauka marigayi ne ya dawo karɓar wanki. Aka yi dariya. Kafin la'asar dariyar ta koma raɗa, kafin gari ya waye raɗar ta zama labari: an ga namiji ya fito daga ɗakin Mai Wanki, da danshin wanka a jikinsa, sanye da rigar mamaci.

Masu wanki ne suka fara janyewa. Waɗanda suka ji labarin namiji suka ce ba za su yi salla da kayan da ta goge ba, waɗanda suka ga faɗuwar kuma suka ce hannunta ya taɓa yawu. Wata mata da sanda ta ɗaga zannuwanta daga kan tebur. Igiyar shanya ta zama wayam, dutsen guga ya huce, tukunya ma ta huce.

Sannan aka aiko Baba na kira. Ta same shi zaune a kan tabarma, Gwaggo a gefensa tana sharar hawayen da ba su fito ba.

"'Yata, ina rigar ɗana?"

"Na bayar da ita, Baba."

"Namiji ya shiga ɗakin nan?"

"Ya shiga, amma Baba mara lafiya ne, a titi ya faɗi. Yaya ma tana wurin, ta gani."

"Ni?" Gwaggo ta buga ƙirji. "Ka ji ko, Baba? Bayan abin kunyar har da sharri. Ina kasuwa mutane suka tare ni da maganar, na rasa inda zan sa kaina."

Aka kira mai faci. Ya zo yana murza hula, ya dubi Gwaggo, wadda a filin mijinta rumfarsa take, ya tuna kuma yadda shi da ƙarfinsa ya tsaya mace na roƙonsa. Ya ce, "Ni dai aiki nake yi, ban ga komai ba." Haka kowa ya ce. Layi guda cike da idanu, aka rasa mai gani ɗaya!

Baba ya ce da murya mai rauni, "Ki ba yayarki yarinyar. Ɗakin kuma, in wata ya ƙare ki kawo makulli."

Mai Wanki ta zube ta kama ƙafarsa. "Baba, ka karɓi ɗakin, ka karɓi komai, zan kwana a titi, amma ka bar mini ita..." Sai da aka ɓamɓare yatsun 'Yar Baba ɗaya bayan ɗaya daga zanin uwarta. Kukan yarinyar ya bi ta har ɗaki, ya zauna da ita.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta san yadda suka wuce ba. Kullum da hantsi takan je ta laɓe a bakin gidan Gwaggo ta leƙa ta kafar ƙofa. Ga 'yarta can tsugune a gaban tulin tukwane, kitso ya tsufa, riga ta yi dauɗa, 'yar mai wanki guda. Wata rana ta hango tsumma ɗaure a hannun yarinyar, ruwan zafi ya zuba mata. Ba ta san sanda ta tura ƙofar ba.

"Kul, kada ki taɓa ta da wannan hannun naki," in ji Gwaggo, ta tare hanya. "Ciwon saurayinki za ki shafa mata?"

Ta koma gida ta shimfiɗa sallaya, ta kasa haɗa addu'a. Abin da bakinta ya iya kawai shi ne, "Ya Allah, Kai Ka gani... Kai Ka gani."

Wata na gab da ƙarewa, tana ɗaure 'yan komatsanta, sai ga wata gajeriyar tsohuwa da sanda ta sauka daga mota a bakin layin, baƙon nan na biye da ita ya rame. Bayan ya koma gida ciwon ya kwantar da shi, sai yanzu ya samu ƙafa. Tsohuwar mahaifiyarsa ce, kuma ba ta iya magana a hankali ba. Rumfar mai faci ta fara nufa.

"Sannu da aiki, ɗan samari. Ina gidan namijin layin nan? An ce mini guda ɗaya ne, kuma zani yake ɗaurawa."

Mai faci ya nuna ƙofar da haɓa, ya kasa ɗaga ido.

Tsohuwa ta rungume Mai Wanki tana sa mata albarka, sai ta lura da ƙunshin kaya da igiya babu ko ƙyalle. "Ina jikata mai kwando da aka ba ni labari?" Nan kukan da Mai Wanki ta daɗe tana haɗiyewa ya ƙwace mata, ta kwashe labarin duka ta faɗa. Da tsohuwa ta gama ji, sai ta miƙe. Ta fita, ta maƙale wuyan rigar mai faci da kan sandarta.

"Tashi, angona. Ranar nan ka ɓuya a bayan taya, yau sai dai ka ɓuya a bayana, ni kuwa ka ga ba ni da tsawo."

Rabin layin ya bi su har gaban Baba. Baƙon ya durƙusa ya ɗora rigar, wankakkiya a ninke, a kan cinyar tsohon. Baba ya lalubi facin da yatsunsa.

"Baba, ni ne namijin," in ji baƙon. "A kwata ta tsamo ni. Da na shiga ɗakin, ita da 'yarta a waje suka tsaya ruwa na dukansu. Ko sunanta ban sani ba har yau."

"Haɗa baki suka yi," Gwaggo ta yi caraf. "Wa ya gani?"

Tsohuwa ta zunguri mai faci. "Ni na haifi wannan baƙon naku, shekara da shekaru ina goge masa baki, ga ni nan garau ina neman miji. Kai kuma ka faɗi abin da za ka iya maimaitawa a kabari."

Mai faci ya goge zufa. "Gaskiya ya faɗa, Baba. Duk muna rumfata. Ta roƙe mu mu kama mata, muka ƙi." Ya nuna Gwaggo. "Yaya ma tana nan tsaye kusa da ni daga farko har ƙarshe. Ita ce ta hana a taɓa shi."

"Haka ne," wani ya ce daga baya. Wata ma ta ce haka ne. Bakunan da suka kulle suka buɗe gaba ɗaya, kowa na rige-rigen wanke kansa.

Hawaye suka gangaro daga idanun Baba. Ya juya inda yake jin numfashin Gwaggo. "Kin yi amfani da makantata kin sa na zalunci marainiya, na raba jikata da uwarta. Ki tashi yanzu, ƙofa-ƙofa, duk inda kika kai maganar nan ki je ki kwaso ta da bakinki. Bayan nan kada in sake jin takunki a gidan nan."

Haka ta bi layin kanta a ƙasa, yara na leƙenta, tana sallama tana ƙaryata kanta. Mijinta, da ya ga ƙunar da ke hannun yarinyar ya ji kuma abin da aka yi da sunan filinsa, ya ce ta tattara ta ba shi wuri. Da yake Baba ya rufe mata ƙofa, sai a ɗakin wata ƙawarta ta samu gefen tabarma. Matar da ke cewa wata ta koma gidansu, ita ce yau ba ta da inda za ta nufa.

Aka kawo 'Yar Baba. Tsohon ya lalubo ɗan hannunta mai ɗaure da tsumma, ya lalubo na uwar mai kaushi da tsagar sabulu, ya haɗa su. "Ki yafe mini, 'yata. Ɗakin naku ne ke da ita, ko bayan raina."

"Ban taɓa riƙe ka ba, Baba," ta ce.

Kafin su isa gida, an riga an jibge ƙullin wanki a bakin ƙofa, masu shi sun tsaya nesa-nesa suna sosa ƙeya. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ba ta goranta wa kowa ba, ta ce su yi haƙuri yau ba aiki. Ta zaunar da 'yarta a kan cinya, ta kwance tsumman a hankali ta wanke ƙunar, ta ɗauko mataji ta fara tsefe tsohon kitson. Haƙurin da ta yi ta haɗiya da ɗaci, ga shi yau zaune a jikinta yana gyangyaɗi.

"Mama," yarinyar ta ce, ido a lumshe, "in an gama kitson zan koma wurin Gwaggo?"

Mai Wanki ta ƙanƙame ta, hawayenta na sauka a gashin da take tsefewa.

"Ba inda za ki, uwata. Yi barcinki."