Na Huɗunmu a Rumbun Hatsi

Batir kawai na fita saya. Ramiro, mai jitarmu, ya ce na'urar da yake takawa da ƙafa ta mutu, ni kuma na gama ɗaure gangunana, sai na gangara kantin da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Rana ta yi ja a kan kogin Paraná. Sauro ya fara fita.

Ina dawowa ta tsohon layin dogo na ji jita daga cikin katafaren tsohon rumbun hatsin da za mu yi wasa a ciki. Ba waƙarmu ba ce. Kiɗa ne a hankali, mai ja, kamar mutum na tambaya yana jiran amsa. Mai hannun kuwa gwani ne.

Na zagayo bakin ƙofa, sai ga Ramiro a kan akwati yana cin burodi da gasasshen nama. Griselda, mai kaɗa mana bas, wato jita mai kaurin murya, tana gefensa tana zuƙar mate, shayin ganyen ƙasarmu.

"Wa ke ciki yana taɓa jitarka?"

"Ba a haife shi ba tukuna," in ji Ramiro, bakinsa cike.

"Kai, kar ka raina min hankali. Da kunnena na ji."

Griselda ta dube ni sama da ƙasa. "Lisandro, tun ba a fara ba har ka sha?"

Dama an kwana biyu ana raɗe-raɗin Ramiro zai tafi Buenos Aires ya haɗa sabuwar ƙungiya. Na ce a raina, wato har ya kawo wani ya gwada a bayan idonmu.

Na shiga. Dandamali ba kowa. Jitar na jingine inda ya bar ta. Don Fermín, dattijon da ke kula da sauti, yana naɗe waya. Ya ce bai ji komai ba, amma bai yarda mun haɗa ido ba. Wurin na warin hatsin da ya jiƙe ya ruɓe, alhali an yi shekaru rabon da a zuba ko ƙwaya a ciki.

Mun fara da sauran haske, don hukumar garin ba ta son hayaniya bayan duhu. Mutane sun cika, zufa da warin giya, samari na tsalle suna bangazar juna. Wasa ya yi daɗi har na manta fushina.

A waƙar ƙarshe kullum mukan yi abin da muke kira zapada: a ajiye tsari, kowa ya saki hannu, wannan ya jefo, wancan ya cafe, a bi kiɗan duk inda ya nufa. Na sassauta bugu. Griselda ta shimfiɗa mana hanya da bas. Ramiro ya jefo wani ɗan salo ya bar shi a iska.

Aka amsa masa.

Daga hagun dandamali amsar ta fito, inda babu lasifika, babu komai sai bango da tarin buhunan da ɓeraye suka cinye. Hannun nan ne da na ji ɗazu.

Griselda ta matso kusa da gangunana, tana kaɗawa, idonta a kaina. "Ku biyu kuka shirya wannan?"

"Ni zan tambaye ki!"

Na hango Don Fermín can baya. Ya ɗaga hannayensa biyu daga kan na'urarsa yana girgiza kai.

Ramiro kuwa murmushi yake. Ya sake jefawa, aka amsa. Ya ƙara sauri, aka bi shi. Ban taɓa jin ya yi kiɗa irin na ranar ba, kuma hakan ya ƙara min zargi. Na ce a raina waɗannan sun sha yin gwaji tare.

Sai abin ya juya.

Ɗaya jitar ta fara riga shi. Ta yi salo, sannan yatsun Ramiro su yi shi, sak, ba bambanci. Ba amsa yake ba yanzu. Bi yake.

Murmushin ya bar fuskarsa.

Mutane sun daina tsalle. Suna layi a hankali, gaba ɗaya, kamar ciyawa a ruwa. Kuma ba mu suke kallo ba. Kusurwar hagu suke kallo.

Na yi niyyar buga alamar tsayawa. Hannuna ya ƙi. Sandunan na tafiya da kansu. Tafin hannuna ya fashe, ina jin danshi na bin gwiwar hannuna.

"Ramiro!" Griselda ta yi ihu. "Ya isa haka!"

Bai waiwayo ba.

Don Fermín ya kashe wuta. Fitilu suka mutu. Bas ya mutu. Jitar Ramiro ta mutu, sai ƙarar wayoyinta a bushe, kis, kis.

Ɗayar ba ta mutu ba.

Ni ma ban tsaya ba.

Ɗan hasken magariba na shigowa ta hujojin rufin kwano. Da shi na gani. Akwai wani tsaye a bayan Ramiro, manne da shi. Ya fi shi tsawo. Hannayensa sun ratso ta ƙarƙashin hammatar Ramiro, yatsunsa kwance a kan nasa. Dogaye. Sun kewaye wuyan jitar har sun dawo.

Warin ruɓaɓɓen hatsi ya cika min baki.

Kansa ya fara juyowa wajena. A hankali.

Ban ga fuska ba. Murya na ji, dab da kunnena, da sanyin numfashi.

"Kar ka tsaya."

A nan na gane. A kan buguna yake tafiya. Ni nake riƙe masa ƙasa.

Hannu ya ƙi ni, ƙafa ta ƙi ni. Sai na jefa duk jikina gefe. Na faɗo daga kujera, na tafi da faya-fayan ƙarfe da ƙaramar ganga, kafaɗata ta daki siminti.

Ƙarar ta yi ta yawo a rufi. Ta mutu.

Shiru. Har kukan kwaɗi a bakin kogi ana ji.

Wuta ta dawo. Ramiro na durƙushe shi kaɗai, jini a yatsunsa. Griselda na yin alamar gicciye. Sai mutane suka ɓarke da tafi da fito, wai sun zaci duk cikin wasan ne.

A waje, muna loda kaya a mota, Ramiro ya riƙo rigata.

"Don me ka tsaya?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Saura kaɗan."

"Saura kaɗan me, mutumina?"

Ya sake ni. Ya shiga mota ya rufe ƙofa.

Ba mu sake hawa dandamali tare ba. Kafaɗata ta warke, amma ban ƙara yarda a yi zapada da ni ba, ko a gidan biki. Griselda ta sayar da bas ɗinta ta koma wajen 'yar'uwarta a Rosario.

Bayan kamar wata guda na haɗu da Doña Eulalia, mahaifiyar Ramiro, a layin burodi. Ta ja ni gefe, ta rage murya.

"Ɗana, kai ka san abokansa. Wane ne wannan da ke zuwa suna kiɗa a ɗaki kullum da yamma? Ban taɓa ganin shigarsa ba."

Na ce ƙila faifai yake sawa yana bi.

Ta girgiza kai.

"Jiya na kai musu mate. Na tura ƙofa, Ramiro na zaune a bakin gado, hannayensa a kan gwiwa. Jitar na cikin akwatinta, a rufe." Ta ƙara damƙe hannuna. "Ya ce min, Mama, ajiye a nan, zai sha in ya gama."