Maɓallin Ranar Alhamis

Ranar da Zakariyya ya fara ganin Ramlatu, zagin sa ta yi, kuma ba ta ma san shi take zagi ba.

Ranar kasuwar Anka ce. Ta shigo shagonsa na gyaran waya, ta dangwarar da wayarta a kan tebur.

"Malam, duba min wayar ga. Ko dai ita tal lalace, ko kuwa wanda yay yi shafin ga na rediyo ba shi da tausayi."

Shafin kuwa nasa ne. Shi mutumin Gummi ne, neman abinci ya kawo shi Anka. Ya kafa doguwar eriya a kan rufin shagon, ya haɗa ta da wata 'yar na'ura da tsohuwar kwamfuta mai aiki da sola, ya buɗe shafi a intanet. Duk wanda ya shiga da wayarsa, sai ya zaɓi tashar gajeren zango ya saurara ta eriyar. A ƙasan shafin ya ajiye akwati: "Rubuta ƙorafinka, ko abin da kake so a ƙara." Wata uku ba wanda ya tanka masa.

"Mi yay yi miki?" ya tambaya.

"Komi da Turanci. Rubutun ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Data kuwa, kafin mai shiri shi gama sallama ta ƙare. Wanda yay yi shi bai taɓa kwana ƙauye ba."

"Ni niy yi shi."

Ta ja hijabi ta rufe baki. Kunya ta kama ta, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

"To, ka ji da kunnenka. An huta da aike."

Tun daga nan zuciyar Zakariyya ta tafi, ba ta kuma dawo ba.

Ba don nishaɗi take shiga shafin ba. Mahaifinta, Malam Dalhatu, malamin allo ne a Dareta. Shekarar da gubar dalma ta cikin duwatsun zinari ta faɗa wa garin, ya binne 'ya'ya uku cikin wata biyu. Saura Ramlatu da wanta Yahaya. Shi kuma Yahaya, shekara huɗu ke nan da ya bi ayarin masu haƙar zinari zuwa can arewacin Nijar. Zinarin da ya cinye ƙannensa, shi ya sake bi! Ba waya, ba aike. Wani da ya dawo ya ce akwai wata tasha a can da ke karanta gaisuwar 'yan ci-rani duk Alhamis bayan la'asar. Rediyon Malam ba ya kamo ta, sai shuuu. Eriyar Zakariyya ce kaɗai ke kamo ta.

Haka soyayyar ta fara, ta akwatin ƙorafi.

"A sa Hausa." Ya sa.

"A ƙara girman rubutu." Ya ƙara.

"A cire hoton nan mai launi da ke zuba kamar ruwa, shi ke shanye data." Hoton da ya fi alfahari da shi ke nan, amma ya sa masa makulli, mai so ya kunna.

Da suka yi musayar lamba, sai saƙon ya koma na waya.

"Mai ƙorafina, yau akwatin wayam. Ko na yi laifi da na gyara komi?"

"Mai eriya, kar ka yi saurin murna. Tara su nake yi."

"Ki tara da yawa. Ina son aikin da zai kai ni tsufa."

Ta karanta saƙon ya fi sau goma.

Babbar buƙatarta ta zo da damina. Ta rubuta: "Sabis a Dareta sai an hau tudun makaranta, kuma da hadari ya haɗu shi ke nan. Ƙafar Baba ba ta iya hawa kullum. Ka yi maɓalli guda da zai naɗe shirin da kansa, in na samu sabis in sauke in kai masa."

Mako biyu yana fama. Ya fito da koren maɓalli mai suna Alhamis. Kafin wata ya zagayo, mutanen Abare da na Nasarawa Burkullu da 'ya'yansu ke can su ma sun gano shi.

Sai kuma ya tafka abin da ya tafka.

Al'adar masu irin wannan shafi ce, in an yi gyara a rubuta sunan wanda ya nema, a gode masa. Zakariyya ya ga haka ake yi, zuciya kuma na ingiza shi, sai ya rubuta a saman shafin da manyan baƙaƙe: "Sabon maɓalli: Alhamis. Godiya ga Ramlatu Dalhatu, Dareta, wadda ƙorafinta ya fi mini yabon kowa daɗi."

Kai, Zakariyya! Ilimi daban, hankali daban. 'Yar malam, budurwa, ba ka aika kowa gidansu ba, ka ɗauki sunanta da na ubanta da na garinsu ka kafa a inda duniya ke wucewa?

Akwai wani Muktar, mai sayen zinari daga Bukkuyum, wanda ya shekara yana zarya gidan Malam, Ramlatu ba ta ko fita. Shi ya ɗauki hoton rubutun, ya kai wa Malam a ƙofar masallaci, gaban jama'a. Bai tsaya nan ba, sai da ya ƙara gishiri.

"Malam, baƙo na fa. Doguwar eriyar ga, wa yas san da wa yaka magana cikin daji?"

A shekarun nan, ka kira mutum infoma, mai kai wa 'yan bindigar daji rahoto, ka haƙa masa kabari ke nan. Na'urar Zakariyya sauraro kawai take yi, ba ta aika ko tari. Amma wa zai tsaya jin wannan bayani?

Malam ya kira Ramlatu gaban Innarta. Bai ɗaga murya ba, wanda da ma ya ɗaga ya fi sauƙi.

"Ɗiya guda tar rage min, ita ma an rataye sunanta kasuwa. Daga yau ba shafi, ba shi."

"Baba, Alhamis fa?"

"Na haƙura da Alhamis."

Ta hau tudun makaranta tana kuka, ta tura masa: "Maɓalli na roƙe ka, ka ba ni abin kunya. Baba ya koma zama da tsohon rediyonsa yana sauraren iska, kuma kai ka jawo. Kar ka sake rubuto min."

Ya goge sunan nan take, amma magana zarar bunu ce. Masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa. Wani ya jefi solar da dutse ta tsage. Kawunsa ya taso tun daga Gummi da goro don ban haƙuri, aka mayar da shi daga zaure. Abin haushin, masu nuna shi da baki a kasuwa, wasu cikinsu su ne ke sauke shirin Alhamis a ɓoye.

Shi dai maɓallin bai san an yi faɗa ba. Duk Alhamis yana naɗar shirinsa, Zakariyya na zama shi kaɗai a shago yana saurare, ko zai ji sunan Yahaya, ya samu abin da zai wanke shi.

A Alhamis ta bakwai ya ji sunan.

Bayan gaishe-gaishe, mai shirin ya sauke murya: "Sanarwar rasuwa. Abokan aikin Yahaya Dalhatu, mutumin Dareta ta ƙasar Anka a Najeriya, suna sanar da cewa rami ya rufta masa, an kuma yi masa sutura. Ba su da lambar danginsa. Duk wanda ya ji, don Allah ya isar."

Zakariyya ya daɗe riƙe da kansa. In ya kai, ya zama mai baƙin labari har abada, masu cewa infoma ne kuma su ce, yaya aka yi ya riga kowa sani? In ya yi shiru, tsoho zai ci gaba da jira har ƙasa ta rufe masa ido.

Da safe ya hau kabu-kabu zuwa Dareta. Ya tarar da Malam a zaure, rediyon na gefensa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Ban hana ka gidan ga ba?"

"Kun hana, Baba. Ba neman aure niz zo ba. Saƙo na, kuma an ce duk wanda yaj ji shi isar."

Ya kunna wayar, ya ajiye a kan buzu.

Malam ya saurara. Ya ce a maimaita. Ya sake cewa a maimaita. A na ukun, daga bayan asabari Inna ta saki wata ƙara da ta tara maƙwabta. Ramlatu ta riƙe ta, su biyun suka zube.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam. Hawaye na bin gemunsa. "Shekara huɗu ina jiran shi ce yana gaida Baba."

Zakariyya ya tashi ya fita, ba wanda ya ce masa ya sha ruwa.

Sai bayan sadakar arba'in Malam ya aika a kira shi.

"Wanda yak kawo min hoton sunan ɗiyata, da gudu yaz zo, yana murna. Kai kuwa ka ɗauko abin da kowa ka gudu, ka kawo shi da rana tsaka, ka san ba godiya za ka samu ba. Infoma ba ya haka. Laifinka na nan, ban mance ba. Ka ɗauki sunanta ba izini, sai ka zo ka amshe shi ta ƙofar da aka sani. Turo manyanka."

Bai kai Anka ba saƙonta ya shigo: "Mai eriya, ban gama yafewa ba. Amma Baba ya sa rediyon cikin akwati, jiya har ya ci tuwo ya ƙara. Sauran ƙorafin sai na zo."

Ya tsayar da mai kabu-kabu a gefen hanya, don idonsa ya cika ba ya ganin rubutun da kyau. Ya amsa: "Ki zo da su duka, mai ƙorafina."

Bayan girbi aka ɗaura auren, ranar Juma'a, ba kiɗa ba guɗa, don gidan bai gama makoki ba. Muktar bai zo ba, ba kuma wanda ya yi cigiyarsa.

Kwana uku da tarewa, da hantsi, suna zaune a shago ta ɗauki waya ta yi rubutu. Akwatin ƙorafi ya yi ƙara a kwamfutarsa.

"Baba yac ce in rubuta maka saƙon ga tun ranar da za a kawo ni," ta ce. "Na kasa sai yau."

Ya karanta: "Daga Malam. A cire maɓallin Alhamis, ba mu da sauran wanda muke jira. Allah Shi yi muku albarka, Shi zaunar da ku lafiya, Shi ba ku ɗiyan da za su rufe ku, ba ku ku rufe su ba."

"Amin," suka ce tare.

Ya miƙa hannu zai goge maɓallin, sai ta riƙe masa wuyan hannu. Ta nuna masa ƙasan allon, inda shafin ke nuna masu jiran shirin. Mutum goma sha ɗaya ne, ga shi ranar ma Laraba ce.

"Bar shi, mai eriya," ta ce. "Namu jiran ne yaƙ ƙare."

Wannan ce kaɗai buƙatar gidan Malam da Zakariyya bai biya ba.